Ranar Da Na Ce wa Babana Balbela Ce

In aka ce in faɗi abu ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba, ba sai na yi dogon tunani ba. Wata ƴar aika ce da babana ya yi mini, aikar da ba ta wuce ta minti biyar ba, na je na dawo masa da amsa da bakina cike, alhali ban san abin da nake faɗa ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ga farin tsuntsu tsaye a bakin kogin Komadugu sai aikar nan ta dawo mini sabuwa.

Ni malamar asibiti ce a Diffa, rigakafin yara shi ne aikina. An haife ni a wani ƙauye can gabas, ta hanyar Bosso, amma tun ina ƙarama aka kawo ni gari wurin gwaggona don lekol, wato makarantar boko, daga nan kuma na wuce Damagaram ƙaro karatu. Ƙauye sai da hutu. Halina kuwa, duk wanda ya san ni ya sani: ban iya barin tambaya ta faɗi ƙasa ba. Ko ban san amsa ba sai na amsa, kuma da ƙarfi, yadda mai tambayar zai ji kunyar sake tambaya. A lekol wannan hali ya sha fitar da ni, a wurin aiki ma har yabo nake samu, ana cewa ga mace mai tabbacin kanta.

Babana manomin tattasai ne. Gonarsa tana bakin wani tafki a bayan ƙauyenmu, tafkin kuma daga kogi yake sha ta wata ƴar hanyar ruwa da mutanen gari kan haɗu su yashe kowace shekara kafin ruwa ya iso. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Kuma wallahi kamar uwar tasa ya ɗauke ni, in na faɗi magana ba ya ƙara bincike.

Abin da aka san shi da shi a garinmu, ban da tattasai, shi ne tsuntsayen ruwa. Mutum ne da ba ya saka ƙafa a ruwa don ya san zurfinsa, tsuntsu yake kallo. Yakan ce kowane tsuntsu da tsawon ƙafarsa, kuma ba ya tsayawa inda ruwa ya fi ƙarfinsa. In ka ga zakaran ƙeƙuwa da ƙananan nan masu gudu a gefe, to laka ce, ruwan bai wuce idon sawu ba. In zalɓe ne tsaye, ruwa ya kai gwiwa kuma akwai kifi. In dinya da kirinjijiya ne ke iyo, kada ka tura yaro. Lokacin hutu yakan zaunar da ni a kan kunyar gona yana nuna mini su ɗaya-ɗaya, ni kuwa hankalina yana kan wasan da na baro. Ina ce masa “to Baba, to Baba”, maganar tana shiga ta nan tana fita ta can.

Da tashin hankali ya zo aka tashi mutanen bakin kogi, babana da sauran ƴan garinmu suka sauka a Assaga, zangon ƴan gudun hijira kusa da Diffa. Na yi, na yi, ya zo ya zauna a gidana cikin Diffa, ya ce shi ba ya zama a gidan suruki. A bukkar tanti ya zauna shekara da shekaru, a nan kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zama in ka tsaya nesa inuwarka kawai yake gani. Abin da ya fito da shi daga gida bai wuce abin sallarsa da wani ɗan gora cike da irin tattasai ba, irin da ya gada wurin babansa. Kowace damina sai ya shuka kaɗan a tsofaffin kwanoni a bayan bukka, don dai kada irin ya mutu. In na je gaishe shi na tarar yana shafa ganyen da yatsa, sai in ce, “Baba, wannan gonar taka ko miyar kwana biyu ba za ta yi ba.” Ya yi dariya ya ce ba don miya ya shuka ba.

Ana nan, wata damina aka ce an ba da izini, masu son komawa garinmu su rubuta suna, za a kawo motoci a kwashe su. Kai, ranar ban taɓa ganin babana haka ba. Shi ne na farko da ya rubuta suna. Ya dawo ya zazzage goran nan kaf, ya yafa irin duka a kwanoni da tsofaffin buhuna, bai rage ko ƙwaya ɗaya ba. Lissafinsa shi ne lokacin da motoci za su zo ƴan tsiron sun isa dashe, yana sauka sai gona.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa. Shekarun nan duka babu wanda ya yashe hanyar ruwan. In ta cike da yashi, kogi ba zai shiga tafki ba. Ruwan sama kuwa ba abin dogaro ba ne, wata ɗaya bayan damina ya ƙafe, tattasai kuma yana son ruwa har cikin sanyi. In babu ruwan kogi a tafkin, kai tsiron can kashe shi ne, kuma tsoho mai ciwon ido ba shi da abin yi a garin da babu gona. Ba wanda za a tambaya, garin babu kowa, ko rezon waya babu a wajen.

Sai ga shi an sa ni cikin waɗanda za su je Bosso kai allurai, da rakiyar soji, saura kwana biyar motocin komawa su zo. Hanyarmu ta gefen garinmu za ta bi. Da na gaya masa sai ya kamo hannuna ya zaunar da ni.

Ya ce, “Uwata, na san ba za su tsaya miki ba. Kuma ko sun tsaya ba za ki ga ruwan ba, ciyawa ta rufe shi. Amma in kun wuce tsamiyar nan ta bakin hanya, ki dubi hannun dama, za ki ga tsuntsaye. Su za ki kalla mini.”

Na ce, “To Baba, wane iri?”

Ya ce, “Farare biyu ne, kada ki haɗa su. Balbela gajeriya ce, wuyanta kauri, ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya, a cure suke yawo suna tsintar fara. Ita ko jiƙaƙƙiyar ciyawa ta ishe ta. Farin zalɓe kuwa dogo ne, wuyansa a lanƙwashe, ƙafarsa baƙa, kuma kowa da wurinsa, tsaye cik ba motsi. Shi kifi yake jira, kifi kuwa kogi ke kawo shi. In shi kika gani, ruwana ya shigo.”

Na ce, “Baba, wannan ai ba wani abu ba ne, an gama.” Har da ƙara masa cewa mutumin da ke gane ƙyanda daga ƙofar ɗaki ba tsuntsu ne zai gagare shi ba.

Ranar tafiya muka fita da sassafe. Hanya ba kyau, motar sojin da ke gaba tana ta sauri, ni kuma ina rungume da akwatin sanyi na allurai ina faɗa da abokin aikina a kan takardun da ya manta a buro, wurin aikinmu. Faɗan nan ne ya ɗauke mini hankali. Ban farga ba sai da direbanmu ya ce, “Hajiya, ba garinku ke nan muka wuce ba?” Na juya da sauri na leƙa ta gilashin baya. Tsamiyar har ta yi nisa. Na dai hangi wasu fararen abubuwa can a saman ciyawa, kafin in ƙifta ido ƙayoyi sun rufe su. Na ce a raina ba komai, in muna dawowa zan duba da kyau. Da za mu dawo kuwa sojoji suka canza hanya, muka bi ta arewa, ko ƙurar garinmu ban gani ba.

Abin da na gani ke nan, fari-fari daga nesa, cikin mota mai gudu. Da na tsaya a nan na faɗa masa haka, da yau ba na rubuta wannan labari.

Washegari da la'asar na je Assaga. Na tarar da shi zaune a tsakiyar kwanoninsa, tsiron sun yi kore shar, sun kai tsawon tafin hannu. Tun kafin in gama sallama ya gane takuna.

Ya ce, “Uwata, kin duba?”

Na ce, “Na duba, Baba. Farare ne, da yawa. Balbela ce.”

Wallahi ban san lokacin da kalmar ta fito ba. Ita ce dai sunan da ya fi kusa da bakina. Sai babana ya ce, “Tsaye suke ko tafiya suke?”

Na ce, “Tafiya suke.” Ai in kana cikin mota komai tafiya yake.

“A cure, ko kowa da wurinsa?”

“A cure.”

“Wuyan fa, kin lura da shi?”

Nan ne halin nawa ya tashi. Na ce, “Haba Baba! Balbela ce zan kasa ganewa? Ko a bayan asibitinmu suna nan suna bin awaki.”

Ya ɗan jima yana shafa ganyen da ke kusa da shi. Can ya ce, “To. Tun da Uwata ta faɗa, haka ne. Hanyar ta cike.”

Sau uku ya buɗe mini ƙofa in ce ban tabbata ba, sau uku na rufe ta da hannuna. Kuma bari in faɗi gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kowa ba: da na ji ya ce hanyar ta cike, daɗi na ji. Ba na son ya koma. Tsoro nake ji, ina son in riƙa ganinsa duk Juma'a a inda keke zai iya kai ni. Ban zauna na shirya masa ƙarya ba, amma da kuskuren ya zo daidai da son raina, ban yi ƙoƙarin gyara shi ba. Wannan shi ya fi cin raina har yau.

Da safe ya sa aka raka shi ya je ya cire sunansa. Yana da wani aboki tun na ƙuruciya, masunci, mu Kawu muke ce masa, mutum mai barkwanci da ba ya ganin babana bai tsokane shi ba. Ya zo har bukka ya ce, “Kai makahon banza, tashi mu tafi. In babu ruwa ka yi ta ba tattasan naka labari har ya girma.” Babana ya ce, “Na aiki ido, ya je ya dawo. Ku sauka lafiya.” Ranar da motoci suka zo ya fita bakin hanya ya tsaya yana jin ƙararsu har ta ɓace, sannan ya dawo ya shiga ɗaki.

Ya nemi aron fili a kusa da kogi nan Assaga, amma an makara, kowane taku yana da mai shi. A yashin bayan bukka ya dasa tsiron, yana ba su ruwan jarka. Da damina ta ɗauke rana ta buɗe, suka fara zubar da fure. Na sayo masa taki, na biya a riƙa kawo masa ruwa, duk a banza. Ɗaya bayan ɗaya suka bushe, ko guda bai kai ga yin ja ba. Irin babansa a nan ya ƙare.

Bayan kamar wata uku, ranar wata Juma'a ina zaune wurinsa, sai ga Kawu ya yi sallama, ya zo Diffa ganin likita ya biyo. Ya yi baƙi ya yi ƙiba. Ya kwance wani ƙulli ya ajiye a cinyar babana, bandar kifi ce.

Ya ce, “Ci, na tafkinka ne. Kai, wa ya ce maka babu ruwa? Ranar da muka sauka na shiga, har ƙirjina. Tsohuwar hanyar ta cike kam, amma kogi ya fasa wata da kansa ta gindin giginyun nan. Farin zalɓe kuwa ga su nan jere, kowa ya kama wurinsa, sai ka ce su aka bar wa gadin garin. Gonarka tana nan, ciyawa kawai ke cinta.”

Na kasa ɗaga kai. Babana ya ɗauki kifi ɗaya ya juya shi a hannu, ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe a haka. Ina jira ya juyo wajena, ko ya yi faɗa, ko ya ce wa Kawu ga wadda ta faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Cewa ya yi, “Allah bai yi da rabona a bana ba. Baɗi in muna da rai.” Sannan ya ce in ɗora wa baƙo shayi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya yi maganar bin Kawu ko don ya taka gonar, amma lokacin dashe ya wuce, iri babu, ga wani tari da ya kama shi tun ƙarshen damina. Aka bar shi sai baɗi.

Da sanyi ya shigo na kawo shi Diffa don a duba tarin, ya yarda ya kwana biyu a gidana. Ran na uku da hantsi ya ce in kai shi bakin kogi. Muka hau keke mai ƙafa uku har inda masu wanki suke, na shimfiɗa masa tabarma a kan gaɓa. Ruwa ya cika, tsuntsaye ko'ina. Ya ce, “Yau ke ce idona. Kada ki gaya mini suna, abin da kika gani kawai za ki faɗa.”

Na fara. Na ce ga wani mai baƙin kai da farin kumatu yana ta ihu a kan yashi. Ya ce tun ɗazu ya ji shi, zakaran ƙeƙuwa ne, mun matso kusa da wurinsa shi ya sa yake zaginmu. Na ce ga wani fari mai baƙin kai, bakinsa a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce jinjimi. Wasu suka wuce sama suna fito, kafin in buɗe baki ya ce kirinjijiya. Na ce ga wani siriri, baya baƙi ciki fari, ƙafafu jajaye dogaye har sun yi masa yawa. Ya tambaye ni ruwan ya kai masa ina, na ce rabin ƙafa, ya ce to nan ko ɗan yaye zai tsallaka. Na ce ga wasu ƙanana masu ruwan ƙasa suna gudu a bakin laka suna caka baki. Ya ce waɗannan baƙi ne, ba a nan suke ƙwai ba, sanyi ke kawo su daga wata ƙasa mai nisa, zafi na fara yi za su tafi. Ya faɗi sunayensu da Barbarci, har kala huɗu ya rarrabe mini, wai a dubi tsawon baki da launin ƙafa. Ga bik na rubutu da takarda a jakata, ban rubuta ba. Kash, yanzu biyu kawai nake tunawa.

Can sai ya ce, “Akwai farare?”

Na ce akwai ɗaya, a tsallake, nesa sosai.

Ya ce, “Wane ne?”

Na zuba ido. Rana tana haska ruwan, tsuntsun ya dunƙule wuyansa, ciyawa ta rufe ƙafarsa. Sunan ya zo bakina kamar yadda ya saba, na haɗiye shi. Na ƙara dubawa har idona ya kawo ruwa. Sannan na ce, “Baba, ban sani ba.”

Ya yi murmushi, ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, “Yawwa, Uwata. Da wannan kika kawo mini da damina, da na hau mota na je na taɓa ruwan da ƙafata.”

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Na fashe da kuka a gaban masu wanki, ina cewa ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar da Kawu ya zo, in share hawaye kada mutane su ce tsoho ya doki uwarsa. Muka zauna har tsuntsun nan ya miƙe wuya, dogo, a lanƙwashe, ya caki ruwa ya fito da ɗan kifi. Na gaya masa, ya ce to yanzu kin sani.

Babana bai ga baɗin ba. Tarin ya ci gaba, kafin shamuwa ta dawo Allah ya karɓi abinsa. A Assaga aka binne shi, cikin yashin da bai taɓa ɗauka gida ba.

Daminar da ta biyo na nemi hutu na je garinmu. Kawu ya raka ni har gonar. Na tsaya daidai tsamiyar nan na dubi hannun dama, na ga lallai ba a ganin ruwa, amma ga su can sama da ciyawa, dogaye, kowa da wurinsa, ba mai motsi. Ko ɗan yaro aka ba minti ɗaya ya tsaya ya duba zai gane. Na buɗe baki na ce, “Baba, farin zalɓe ne.” Kawu ya juya baya ya yi kamar yana gyara hularsa.

Yanzu ina da ɗan littafi da nake rubuta tsuntsayen kogin nan, in na ga wanda ban sani ba sai in tambayi tsofaffin masunta. Abokan aikina har tsokanata suke, wai likitar zalɓe. Sun kuma ce na canza, in uwa ta tambaye ni abin da ke damun ɗanta ban tabbata ba, sai in ce mata ban sani ba tukuna, bari a duba. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: in wanda ya yarda da kai ya ba ka aron idonsa, abin da ka gani za ka kai masa, ba abin da kake zato ba, ba kuma abin da ranka yake so ba. “Ban sani ba” kalma uku ce, ba ta rage wa kowa daraja. Ni na ji nauyin faɗinta rana ɗaya, babana ya mutu bai koma gida ba.